Ra'ayinmu: A Fara Darasin Masar Daga Gindin Dala

Da yawa daga cikinmu mun san yadda darasin tsohuwar Masar yake tafiya a makarantunmu. Malam zai shigo, ya ɗauki alli, ya zana wata dala a jikin allo, ya yanka ta hawa-hawa. A can ƙololuwa sai ya rubuta Fir'auna. A ƙarƙashinsa akwai waziri da hakimai da manyan malaman gidajen bauta, sai marubuta da sojoji, sai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, sai manoma, a can gindi kuma bayi. Yara su kwafe a littattafansu, su haddace, ranar jarrabawa su amayar da shi a takarda, bayan mako guda kowa ya manta. Ta haka ne ake gama da al'ummar da ta rayu shekara kusan 3,000 cikin minti 40, kuma babu yaron da zai fita daga ajin yana tambayar abin da ya sa wani yake sama wani yake ƙasa, ko kuwa abin da na ƙasan yake ci ranar da na saman ya hana shi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Bayan da darasin tarihi ya shafe fiye da shekara 10 a waje da manhajar ƙananan makarantun Nijeriya, a shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Waɗanda za su ɗauki allin kuwa su ne 'yan'uwanmu na sashen ilmin koyarwa, da na sashen tarihi, da duk wanda bautar ƙasa za ta jefa shi wata makaranta a ƙauye. Sauranmu kuma ofisoshin gwamnati suke jira. Saboda haka muna ganin wajibi ne wannan mujalla ta faɗi matsayinta: zanen dalar nan, in an bar shi shi kaɗai, yana koya wa yaro ya saba da rarrabuwar mutane kamar yadda ya saba da fitowar rana, alhali aikin darasin tarihi shi ne ya nuna masa yadda aka gina wannan rarrabuwa, da wanda ya biya kuɗin gininta.

Ba mu ce zanen ƙarya ne ba. Lalle a Masar akwai masu mulki akwai waɗanda ake mulka. Amma yana da aibu uku. Na farko, ya ɗauki dogon zamani ya dunƙule shi wuri guda. An haɗe ƙasar Masar ƙarƙashin sarki ɗaya wajajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya kuma ya shigo ta a shekara ta 332 kafin Miladiyya. Tsakanin sarki Kufu, mai babbar dalar Giza, da Ramsis na Uku kaɗai akwai kimanin shekara 1,400, watau kwatankwacin tazarar da ke tsakanin Hijira da yau. Sojoji ba su zama babban rukuni mai zaman kansa ba sai a zamanin Sabuwar Daula, wadda ta fara wajajen 1550 kafin Miladiyya, kuma a wannan zamani ne bayi suka yawaita saboda yaƙe-yaƙen da aka kai ƙasar Sham da ƙasar Nuba. Waɗanda ake kira 'yan kasuwa kuwa, akasarinsu wakilai ne masu yi wa gidajen bauta da manyan mutane cinikayya. Zane ɗaya ba zai ɗauki duk wannan ba.

Aibu na biyu shi ne ba a gaya wa yara da idon wa aka kalli al'ummar. Hirodotus, masanin tarihin nan na Girka wanda ya ziyarci Masar wajajen 450 kafin Miladiyya, ya lissafa rukunonin mutanen ƙasar guda 7: malaman bauta, mayaƙa, makiyayan shanu, makiyayan alade, 'yan kasuwa, tafintoci da matuƙan jiragen ruwa. A duba da kyau, babu manomi a cikin lissafin, a ƙasar da kusan kowa manomi ne. Su kansu Misirawa, abin da suka bar mana a rubuce ya fito ne daga hannun 'yan tsiraru. A shekarar 1983 masana biyu, John Baines da Christopher Eyre, sun ƙiyasta cewa a zamanin Tsohuwar Daula waɗanda suka iya karatu da rubutu ba su wuce mutum 1 cikin 100 ba. Manyan mutane sun sassaƙa kaburburansu da dutse a bakin hamada, inda abu ba ya ruɓewa. Manomi kuwa ya yi ɗakinsa da tubalin laka a bakin kogi, ambaliya ta bi ta kansa shekara bayan shekara. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya ba da labari.

Abin da ya fi ban sha'awa ma shi ne su ma Misirawa suna da nasu darasin rukunonin jama'a, kuma a makaranta suke koyar da shi. Akwai wani rubutu na zamanin Tsakiyar Daula da aka sani da Koyarwar Keti, inda wani uba yake raka ɗansa makarantar marubuta yana zayyana masa wahalar kowace sana'a: maƙeri da zafin wuta, magini da laka, wanzami da yawon neman wanda zai aske, masunci da kada, manomi da kukan da ba ya ƙarewa. Duk don yaron ya gane cewa alƙalami ne kaɗai mafita. 'Yan makaranta sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kwafar wannan rubutu a kan tsingaro da ɓallin dutse, an kuwa tono kwafe-kwafensa masu ɗimbin yawa. Ke nan tun a wancan zamani ana koya wa ɗalibi ya raina hannun da yake ciyar da shi. Wanda bai taɓa jin irin wannan huɗuba a gidansu ba, cewa ya yi karatu don kada ya ƙare a gona, ya ɗaga hannu.

Aibu na uku shi ne zanen a tsaye yake cik, ba ya nuna abin da yake hawa daga ƙasa zuwa sama. A nan ne muke ba da shawarar wata hanya dabam. Maimakon a fara da Fir'auna a gangaro, a fara da buhun hatsi guda ɗaya a gona, a bi shi har inda zai ƙare. Masar ta shafe mafi yawan tarihinta ba ta da kuɗin ƙarfe da aka buga. Da hatsi ake biyan haraji, da hatsi ake biyan albashi, da burodi da giyar sha'ir ake sallamar lebura. Wanda ya bi sawun hatsi zai ci karo da kowane rukuni a bakin aikinsa, kuma zai ga abin da kowa ya zuba da abin da kowa ya ɗiba.

Kowace shekara, daga wajajen watan Yuli, Kogin Nilu yakan cika ya malale gonaki, ya janye ya bar baƙar laka mai albarka. Haka aka yi ta yi har zuwa lokacin da aka kammala babbar madatsar Aswan a shekarar 1970. Hukuma tana da ma'aunin ruwa a wurare irin su tsibirin Elefantin, domin tsayin ambaliya shi yake nuna yawan amfanin da za a sa ran samu, da yawan harajin da za a ɗora. Da ruwa ya janye sai manomi ya shuka alkama da sha'ir, yawanci a gonar da ba tasa ba, ta sarki ce ko ta gidan bauta ko ta wani babban ma'aikaci. Kafin ya sa lauje, masu awo sun riga sun iso da igiya. A kabarin wani magatakardan gonaki mai suna Menna, a yammacin Luksor ta yau, an zana wannan duka: masu jan igiya a cikin hatsin da ya nuna, marubuta a zaune suna ƙidaya mudu, wani mutum a kwance ana dukansa, da 'yan mata biyu suna cin gashin juna a kan kala. Hoton nan kaɗai ya isa darasin yini guda.

Wanda ya gaza cika abin da aka yanka masa kuwa, sanda tana jiransa. A kabarin waziri Mereruka da ke Saƙƙara, wanda ya girmi na Menna da shekara kusan 1,000, an sassaƙa masu unguwanni an gurfanar da su gaban marubuta, an ɗaure wani a jikin turke ana bugu. Dabbobi ma ba su tsira ba. A zamanin Tsohuwar Daula akan yi ƙidayar shanu ta ƙasa baki ɗaya, yawanci bayan kowace shekara biyu, har ta kai da ita ake lissafin shekarun sarautar sarki. Malamin da yake koyarwa a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin kakannin ɗalibansa sun san haraji, sun san jangali, sun san malamin da yake zuwa da littafi, har zuwa 1979 da gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke su. Yaron da ya tambayi kakarsa a gida zai dawo da rabin darasin.

Daga masussuka hatsi yakan hau jirgin ruwa ya tafi rumbunan sarki da na gidajen bauta. Kada yara su ɗauka gidan bauta wurin ibada ne kawai. Hukuma ce mai gonaki da garkuna da jirage da ma'aikata. Wata doguwar takarda ta fafiras, mai tsawon mita 41, wadda aka rubuta bayan rasuwar Ramsis na Uku, ta lissafa mutum 86,486 a cikin dukiyar gunkin Amun na Tibis, tare da dabbobi fiye da 400,000. Daga waɗannan rumbuna ne ake fitar da albashi. A ƙauyen masu sassaƙa kaburburan sarakuna, wanda yanzu ake kira Dairul Madina, ma'aikaci yana karɓar buhu 4 na alkama da buhu 1 da rabi na sha'ir a wata, shugaban ma'aikata kuma buhu 7 da rabi gaba ɗaya, kowane buhu yana cin kimanin lita 77. Ga lissafi ga tarihi a wuri guda. A sa yara su auna da kansu bakin mutum nawa wannan hatsi zai ciyar, su kuma kwatanta tazarar da ke tsakanin ma'aikaci da shugabansa da wadda ke tsakaninsu duka biyu da masu rumbu.

Sai tambayar da kowane yaro yake yi: su wa suka gina dalar? Hirodotus, wanda ya zo bayan ginin da shekara 2,000, ya ce mutum 100,000 ne suke aiki a lokaci guda, finafinan Amurka kuma suka cika mana ido da bayi da bulala. Binciken da aka yi a ƙasa ya nuna wani abu dabam. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 Mark Lehner yake haƙa garin ma'aikata a kudancin Giza, inda aka sami gidajen gasa burodi da rumbuna da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki. A 1990 aka gano maƙabartar ma'aikatan, wadda Zahi Hawass ya haƙa. Ƙasusuwansu sun nuna bayan da ɗaukar kaya ya lalata, sun kuma nuna karaya da aka ɗora ta warke. A 2013 Pierre Tallet ya samo a Wadil Jarf, a gaɓar Bahar Maliya, littafin aikin wani shugaban ayari mai suna Merer, wanda yake jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a ƙarshen zamanin Kufu, yana rubuta aikin kowace rana. Ƙiyasin masana na yau bai wuce ma'aikata 20,000 zuwa 30,000 ba.

Amma a yi hattara, kada a fitar da yara daga wata tatsuniya a jefa su cikin wata. Cewa ba bayi ba ne ba ya nufin suna da ikon cewa a'a. Hukuma tana da haƙƙin ɗibar talaka ta kai shi aikin dutse ko haƙar magudana ko yaƙi, wanda ya gudu kuma ya jawo wa gidansu. Wata takarda ta Tsakiyar Daula da ke ajiye a gidan tarihi na Brooklyn a Amurka ta lissafa mutane fiye da 70 da suka tsere wa aikin hukuma, ta kuma nuna ana tsare iyalin wanda ya gudu har sai an kama shi. A bayan takardar akwai jerin barori 95 na gida ɗaya tak, da yawansu mutanen ƙasar Sham da Kan'ana ne. A Amarna, birnin da Akenatan ya gina cikin gaggawa wajajen 1345 kafin Miladiyya, wata maƙabartar talakawa da aka fara haƙawa a 2015 ta fito da gawarwakin da mafi yawansu 'yan shekara 7 zuwa 25 ne, jikinsu duk alamun aiki mai nauyi. Dattawan da suka ga ɗiban gwamna, lokacin da Turawa suka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, sun san bambancin da ke tsakanin bawa da ɗa wanda ba shi da ikon ƙin aiki, sun kuma san ƙanƙantarsa.

Idan ana son yara su ji muryar mutanen ƙasa-ƙasa da kansu, babu kamar ƙauyen Dairul Madina da muka ambata, wanda Bernard Bruyère ya haƙa daga 1922 zuwa 1951. Gidaje kimanin 70 ne a cikin ganuwa, kuma mazaunansa sun bar dubban rubuce-rubuce a kan tsingaro: bashi, rigimar gado, hayar jaki, ƙarar maƙwabci. Wani ɓallin dutse na shekara ta 40 ta sarautar Ramsis na Biyu rajistar fashin aiki ce, an rubuta sunan kowa da dalilinsa: wannan ba shi da lafiya, wannan kunama ta harbe shi, wannan yana dafa giya, wannan yana shirya gawar ɗan'uwansa. Su ma waɗannan ma'aikata suna da na ƙasa da su, masu kawo musu ruwa da itace da kifi da masu yi musu wanki. Watau a cikin hawa ɗaya na zanen allo akwai hawa-hawa.

A wannan ƙauye ne aka yi yajin aiki na farko da tarihi ya adana labarinsa. A shekara ta 29 ta sarautar Ramsis na Uku, wajajen 1157 kafin Miladiyya, hatsin albashi ya yi ta makara. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki, suka ƙetare shingayen masu gadi, suka je suka zauna a bayan gidan bautar Tutmos na Uku, daga baya suka matsa zuwa na Ramsis na Biyu, inda manyan rumbuna suke. Suka shaida wa hukuma cewa yunwa da ƙishirwa ne suka fito da su, ba su da sutura, ba su da mai, ba su da kifi, ba su da ganye, suka nemi a kai maganar gaban waziri da Fir'auna. Aka lallashe su, aka ba su wani abu, aka sake makara, suka sake fita. Magatakardan ƙauyen, Amennakt, shi ya rubuta abin da ya faru, takardar kuma tana birnin Turin na Italiya har yau. A lura da inda suka dosa. Mutanen nan sun san inda hatsin yake, sun kuma san cewa kabarin sarki ba zai sassaƙa kansa ba. Yaron da aka ba shi wannan labari ba zai ƙara kallon gindin dala a matsayin tarin duwatsu marasa baki ba.

Haka kuma ya kamata a nuna wa yara cewa akwai masu hawa, amma a nuna musu ƙofar da suka bi. Amenhotep ɗan Hapu ya taso daga wani gari na lardi, alƙalami ya kai shi har ya zama na hannun daman Amenhotep na Uku. Horemheb hafsan soja ne kuma magatakardan sarki kafin ya hau gadon sarauta, ya kuma bar gadon ga wani sojan, wanda ya zama Ramsis na Ɗaya. Ƙofa biyu ce, alƙalami da takobi, kuma yawanci ɗa sana'ar ubansa yake gada. Mata kuwa, waɗanda zanen allo ya shafe su gaba ɗaya, suna da ikon mallakar dukiya da cin gado da kai ƙara. Wata tsohuwa ta Dairul Madina mai suna Naunakt ta tsaya gaban kotun ƙauye a zamanin Ramsis na Biyar ta cire waɗansu daga cikin 'ya'yanta 8 daga gadonta, saboda ba su kula da ita ba da ta tsufa. Duk da haka makarantar marubuta da muƙaman hukuma kusan na maza ne zalla.

Wane abu ne ya riƙe wannan gini tsawon wannan zamani? Sanda kaɗai ba ta isa ba. Misirawa suna da wata aƙida da suke kira Ma'at, wadda ta haɗa gaskiya da adalci da daidaiton duniya. Da ita ake gaya wa talaka cewa zaman kowa a matsayinsa shi ne zaman lafiya, amma ita ɗin ce kuma ta ɗora wa mai mulki nauyin ciyar da mayunwaci da sauraron mai ƙara. Akwai wani labari na Tsakiyar Daula game da wani baƙauye da ya ɗoro kaya a jakuna zai kai kasuwa, wani ɗan barandan babban mutum ya shimfiɗa masa tarko a hanya, jakinsa ya ci zangarniyar sha'ir guda, aka ƙwace masa komai. Sau 9 yana komawa gaban babban wakilin sarki yana kai kuka, yana auna manya da ma'aunin da su da kansu suka kafa, har aka mayar masa da haƙƙinsa. Marubuta ne suka tsara labarin, marubuta ne suka karanta shi, kuma wannan ma abin tattaunawa ne a aji: me ya sa masu riƙe da rumbu suke bukatar a riƙa tuna musu da adalci?

Mun san za a yi mana suka ta fuska uku. Waɗansu za su ce yara ba za su iya ɗaukar wannan ba. Amsarmu ita ce yaron da yake raka ubansa kasuwa ranar sayar da hatsi ya fi gane awo da bashi da haraji fiye da jerin sunayen sarakunan da ba ya iya furtawa. Waɗansu za su ce ina ruwanmu da tarihin masu bautar gumaka. Ai tun a makarantar allo muka fara jin sunan Masar, a ƙissar Annabi Yusuf da rumbunan hatsi, da ƙissar Annabi Musa da zaluncin Fir'auna, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. Sanin yadda ƙasar take gudana ƙarin haske ne ga mai karatu. Na ukun su ne 'yan'uwanmu masu kishin Afirka, waɗanda suke ganin tono wahalar talakan Masar rage wa nahiyar daraja ne. Muna girmama gwagwarmayar Cheikh Anta Diop da Théophile Obenga, waɗanda suka tsaya a taron UNESCO na Alƙahira a 1974 suka kare matsayin Masar a cikin tarihin Afirka. Amma in Masar tamu ce, to manominta ma namu ne, da leburan da bayansa ya karye a Giza, da yaran Amarna. Kishin da ya tsaya a kan zinariyar Tutankamun kaɗai kishin fada ne.

Yanzu sai mu juyo kanmu. Duk ɗalibin da yake karanta wannan shafi, in ya nemi wurinsa a jikin dalar Masar, ba zai same shi a ƙololuwa ba, ba kuma zai same shi a gindi ba. Wurinsa yana wajen mutumin nan da yake zaune a inuwa da alƙalami a bayan kunne, yana ƙidaya mudun da wani ya noma. Magatakarda shi ne mahaɗar rumbu da gona. Ba shi ya kafa dokar ba, amma ba ta aiki sai da hannunsa: shi yake rubuta abin da gona za ta biya, shi yake rubuta wanda ya gudu, shi yake sa hannu a fitar da albashi ko a jinkirta shi. Gobe waɗansunmu za su riƙe fayil ɗin fanshon wani tsohon malami, ko jerin sunayen waɗanda za a ba taki, ko takardar albashin masu shara. Fayil ɗin da ya kwana mako uku a kan tebur, a wani gida tukunya ce da ba ta hau wuta ba. Tarihin Masar ya nuna mana marubuta iri biyu, wanda aka zana yana kallo ana dukan manomi, da irin Amennakt wanda ya rubuta kukan ma'aikata kamar yadda suka faɗe shi. Kowane ɗayanmu zai zaɓi layinsa tun a shekarar farko ta aiki.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, ga 'yan'uwanmu masu fita koyon aikin koyarwa da masu tafiya bautar ƙasa: in manhaja ta tilasta zana dalar, a zana ta, amma a ƙarshen darasi, bayan yara sun bi hatsi daga gona zuwa rumbu, domin su ne za su faɗi wanda ya dace da kowane hawa da dalilinsa. Na biyu, ga sashen tarihi da sashen Hausa: a haɗa hannu a fassara labarin yajin aikin Dairul Madina da rajistar fashin aiki da wasiyyar Naunakt cikin Hausa mai sauƙi, a buga su a 'yan ƙananan takardu da malamin ƙauye zai iya saya. Aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi a matsayin kundin kammala karatu. Na uku, ga masu tsara jarrabawa: a rage tambayar da take cewa a lissafa rukunonin jama'ar Masar, a ƙara wadda take cewa a bayyana yadda manomi yake ciyar da sauran rukunonin, domin abin da ake tambaya shi malam yake koyarwa. Na huɗu, ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: a shirya muhawara a wannan zango a kan matsayin mai ilmi tsakanin hukuma da talaka, a gayyato ƙananan ma'aikatan jami'a, masu gadi da masu shara da masu dafa abinci, su zauna a kujerun gaba su yi magana da bakinsu.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sarakunan Masar sun gina abin da ya fi su daɗewa, amma ba su hana rumbunansu bushewa ba, kuma tun kafin Sabuwar Daula ta ƙare mutanen Tibis sun fara fasa kaburburan manya suna sayen hatsi da zinariyar ciki. Ɗalibin da ya fahimci yadda aka kai ga haka ya sami abin da zai amfane shi a ofis da gona da rumfar zaɓe. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk mai goyon baya ko mai suka, musamman malaman makaranta da suka gwada wannan hanya a aji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa alƙalumanmu su zama masu sauƙaƙa wa talaka.